Dan Allah a taimaka: GParted ya ƙi taɓa diskina, mkfs.vfat kuma wai babu shi

Ɗan Samaru

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin Linux ku taimaka min, tun jiya bayan Isha'i nake fama da abu ɗaya har wajen ƙarfe biyun dare ban kai ko'ina ba. Laftof ɗina gwanjo ce, RAM 4GB diski 500GB, Windows 10 ne a kanta, to kun san tun Oktoba 2025 aka daina tallafa wa Windows 10, shi kuma 11 ya ƙi hawa saboda injin ba shi da TPM 2.0. Shi ne na ce bari in ɗora Linux a gefe in bar Windows ɗin yadda yake, domin akwai wata manhaja ta kwas ɗinmu da ba ta tashi sai a kansa, ga kuma furojet ɗina babi uku duk suna ciki.

Saboda tsadar data ban sauke babban ISO ba, wato fayil ɗin Linux da ake zubawa a filash don ɗorawa, wani ƙarami na samu da bai kai 1GB ba, an ce kan Debian aka gina shi. Na zuba shi a filash ya tashi lafiya lau. Matsalar ta fara ne da na buɗe GParted, manhajar yanka diski kashi-kashi, zan rage fatishan ɗin Windows in samu waje, sai na ga alamar gargaɗi a gefensa, wajen da ya kamata ya nuna nawa aka cinye nawa ya rage duk babu komai, in na danna sai ya ce wai "Unable to read the contents of this file system". Ya ƙi ragewa sam. Na ce to bari in gwada a wani tsohon filash in ga ko zai yi fomatin, nan ma fat32 da ntfs da btrfs da xfs duk sun dushe ba sa dannuwa, ext2 da ext3 da ext4 ne kawai da wasu 'yan kaɗan suke aiki. A bidiyon da nake bi mutumin ya yi ƙaramin fatishan na fat32 don EFI, inda fayilolin tada inji suke zama, ni kuma ga shi ba dama. Na shiga taminal na rubuta mkfs.vfat ya ce command not found, na gwada mkfs.ext4 ma haka ya ce, nan ne fa hankalina ya tashi.

Wi-Fi ma ba ya gani a cikin filash ɗin balle in ce zan sauke wani abu.

Yau da safe na kai ta wajen wani mai gyara, ya leƙa kawai ya ce diskin ne ya fara mutuwa in kawo kuɗi a sa SSD. Wallahi ba ni da kuɗin SSD yanzu, kuma abin da ya ɗaure min kai Windows yana tashi garau ba ya ko maƙalewa. Shin da gaske diskin ne? In ba shi ba ne mene ne? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Injiniya Tudun Wada

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka kwantar da hankalinka, a duk abin da ka lissafo babu guda ɗaya da yake nuna diski ya lalace. Kayan aiki ne babu a cikin filash ɗin naka, shi ke nan.

Abu biyu ne mutane suke haɗawa su ɗauka ɗaya ne. Yanka fatishan kamar awon fili ne, a ja igiya a kafa alama a ce daga nan zuwa nan naka ne. Shi kuwa tsarin fayil, wato su ext4 da ntfs da fat32, shi ne ginin da ake yi a cikin filin, kuma kowane irin gini da magininsa. GParted ɗan kwangila ne, awon fili yana yi da kansa, amma in aka zo gini ko rushe katanga a matsar da ita sai ya kira magini, in maginin bai zo ba sai ya dusar da sunan aikin, abin da ka gani kenan. Masu haɗa ƙananan ISO suna cire irin waɗannan ne da gangan don nauyi ya ragu, ai shi ya sa naka bai kai 1GB ba.

Maginan kuwa ga su: e2fsprogs shi ne na ext2 da ext3 da ext4, wannan kana da shi tunda su ba su dushe ba. dosfstools na fat16 da fat32, a cikinsa mkfs.fat yake, mkfs.vfat ɗin da ka nema wani sunansa ne kawai, kuma GParted yana son mtools tare da shi don wasu ayyukan. ntfs-3g na NTFS, tsarin fayil na Windows, a nan ntfsresize yake wanda shi ne ainihin mai rage fatishan ɗin Windows, a da ntfsprogs ake ce wa kayan kafin a haɗe su da ntfs-3g a 2011, shi ya sa in ka karanta saƙon nan na GParted har ƙasa za ka ga ya ambaci sunayen biyu. Sai btrfs-progs da xfsprogs da exfatprogs, sunansu ya faɗi aikinsu. Ka duba da idonka, a GParted ka shiga View sannan File System Support, tebur ne zai fito, layin ƙarshe na gefen dama yana gaya maka sunan abin da ake buƙata ga kowanne.

Wani zai ce ai Linux yana buɗe fayilolin Windows ba tare da wannan ba. Haka ne, tun kanel 5.15 a 2021 akwai direban ntfs3 a cikin kanel, wato zuciyar Linux, amma shi karatu da rubutu ya sani, ba ya ƙirƙira ba ya ragewa.

Maganar mkfs.ext4 da ya ce babu, wannan daban ce. A Debian waɗannan umarnin a /sbin suke zaune, shi kuma mai amfani na gama-gari ba a sa masa /sbin a hanyar da ake nemo umarni ba, sai ya ce maka command not found alhali abin yana nan. Ka sa sudo a gaba, ko ka rubuta

ls /sbin/mkfs*

duk wanda ka gani a nan kana da shi, wanda ba ka gani ba shi ne babu da gaske. Kuma in za ka zama rut, wato mai cikakken iko a injin, ka rubuta umarnin su da ɗan karan nan a gaba, wato su - , domin tun Debian 10 a 2019 umarnin su zalla ba ya canza maka hanyar.

Intanet kuma ba sai da Wi-Fi ba. Ka jona wayarka ta Android da kebul mai ɗaukar data ba na caji zalla ba, ka kunna USB tethering a saitin, yawanci Linux yana ganinta nan take kamar wayar intanet aka jona. Sai ka yi

sudo apt update
sudo apt install dosfstools mtools ntfs-3g

Ba su da nauyi ko kaɗan, apt update ɗin ma ya fi su cin data. In sun sauka ka rufe GParted ka sake buɗewa, haka manhajar ɗorawar in a buɗe take, domin lokacin da suke tashi ne suke duba wane kaya ne a ƙasa. Ka sani kuma a RAM suke zama, kana kashe injin sun tafi, sai ka sake.

Yanzu abin da ya fi duk wannan muhimmanci, dan Allah ka karanta sau biyu. KADA ka yi fomatin fatishan ɗin EFI. Mai bidiyon nan diski fanko yake aiki a kai, kai kuwa in injinka UEFI ne, wato sabon tsarin tada inji, to Windows ya riga ya yi nasa, ɗan ƙarami ne na fat32 galibi 100MB wani lokaci 260MB, a farkon diski. Shi za ka nuna wa manhajar ɗorawa ka ce ta jingina shi a /boot/efi, ka tabbata babu alama a akwatin fomat. In ka goge shi Windows ba zai ƙara tashi ba sai an sha wahalar gyara. Don ka san ko UEFI ne ka rubuta ls /sys/firmware/efi, in ya nuna abubuwa to ta UEFI ka tashi.

Mai Gyara PZ

Oga Injiniya ya gama magana. Ni dai abin da zan ƙara, mu masu gyara ba kowa ne ya taɓa ganin GParted ba, aikinmu kullum Windows ne, to mutum in ya ga alamar gargaɗi a jikin diski abin da zai fara zuwa masa kenan, ba lallai cuta ya yi niyya ba. Amma gaskiya bai kamata a yanke wa diski hukunci ba a gwada ba. Tunda za ka jona waya ka haɗa da smartmontools, sai ka yi sudo smartctl -H /dev/sda, in ya ce PASSED alama ce mai kyau, in kana son ƙarin bayani ka sa -a ka duba Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector, in sifili ne to alhamdulillahi.

Shawarata kuma ɗan uwa ka daina wahalar da kanka da ƙananan ISO ɗin nan tunda yanzu ka fara. Ka samu Linux Mint cikakke, bai fi 3GB ba ko kusa da haka, ka ja shi da datar dare ko ka karɓa wajen 'yan kwamfuta a nan Samaru, ba za a rasa mai shi a filash ba. Komai yana ciki. Ni filash ɗin aikina Ventoy ne a kai, manhajar da ke bari a tara ISO da yawa a filash ɗaya, na zuba GParted Live da SystemRescue da Mint, duk wanda nake so na zaɓa.

'Yar Kongo

Sannunku da ƙoƙari. Malam Ɗan Samaru ni ban ga wanda ya yi maganar furojet ɗin nan ba kuma shi ne ya tsaya min a rai. Babi uku fa ka ce. Kafin ka sake taɓa komai ka kwafe shi waje biyu, ka tura wa kanka ta imel ko ka sa a Google Drive, ka kuma zuba a wani filash daban ba wanda Linux yake ciki ba. Ni na taɓa rasa aikin zango guda saboda ina cikin matsar da fatishan aka ɗauke wuta kuma batirin laftof ɗin ba ya riƙe ko minti goma, na yi kuka ranar, har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. To ka duba batirinka, in ba ya riƙewa kada ka fara sai inda ka tabbata da wuta, ko wajen masu sola ko inda aka tada inji.

Sannan da izinin Yaya Injiniya, ni ba na son rage NTFS daga cikin Linux in dai Windows yana tashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ka koma Windows ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta diskmgmt.msc, ka danna C da hannun dama ka zaɓi Shrink Volume, ka rage abin da kake so ka bar wajen haka nan fanko kada ka yi masa komai. Kaga kenan ba ka ma buƙatar ntfsresize. Illarsa ɗaya, wani lokaci ba ya yarda ya rage da yawa saboda akwai fayilolin da ba ya iya ɗagawa, to a nan ne GParted yake da rana.

Ko ta wace hanya ka bi ka fara kashe Fast Startup. Abin nan yana sa in ka kashe Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya, kamar barci yake yi ya bar diskin a kulle, kuma ko ka sa ntfs-3g ɗin zai iya ƙin taɓa shi ka zo kana cewa maganin bai yi ba. Ka buɗe cmd a matsayin admin ka rubuta powercfg /h off, sannan chkdsk C: /f ka amsa da Y ka sake kunnawa ka bar shi ya gama. Ka leƙa kuma ko BitLocker, abin da Windows yake kulle diski da shi, a kunne yake, in a kunne yake ka rubuta makullin nan mai lamba 48 a takarda ka adana tukuna.

Batun btrfs da xfs da ka ce sun dushe, ka rabu da su. Fedora ce take zuwa da btrfs tun 2020, su Red Hat kuma xfs, amma Debian da Ubuntu da Mint duk ext4 suke sawa kuma ya ishe ka. Xfs ma in ka yi shi gobe ka so ragewa ba dama, ƙari kawai yake karɓa, ga mai raba diski da Windows wannan ba ƙaramar takura ba ce.

Ɗan Samaru

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wallahi na ji sanyi a raina. Anti na bi maganarki, furojet yana imel yana filash. Na kashe Fast Startup, BitLocker babu, Windows ya yarda ya ba ni 120GB, na ga ya ishe ni.

Yallaɓai Injiniya gaskiyarka, da na yi ls ɗin sai ga mkfs.ext4 yana nan, mkfs.fat da mkfs.ntfs ne babu. Waya ma ta haɗu nan take, kebul na farko ne ya ƙi na canza wani. Amma apt update ya ƙi wucewa, yana ta cewa Release file "is not valid yet", ya kawo wasu kwanaki masu yawan gaske wai sai bayansu. Na sake har sau huɗu data tana ta tafiya. Kuma wani abu, akwai wani ɗan fatishan 16MB tsakanin na EFI da C, GParted ya ce unknown kuma shi ma da alamar gargaɗi, shi wane kaya zan sauke masa? Ko in goge shi tunda ba komai a ciki?

Injiniya Tudun Wada

A'a kada ka goge. Wannan shi ne Microsoft Reserved, Windows ne yake ware shi a diskin GPT, kuma asali ba shi da tsarin fayil, fili ne da aka killace ba a yi gini ba, don haka babu kayan da za ka sauke alamar ta tafi. Haka yake a kowane inji mai Windows a diskin GPT. Akwai kuma wani a ƙarshen diski na farfaɗo da Windows, 'yan ɗaruruwan MB, shi ma ka bar shi. Naka kawai 120GB ɗin nan.

Saƙon apt kuwa agogo ne. Ka rubuta date a taminal, na tabbata za ka ga wata tsohuwar shekara. Injinan gwanjo da yawa ɗan batirin nan na cikin bod mai riƙe lokaci ya mutu, Windows yana gyara agogon ta intanet shi ya sa ba ka lura ba, shi kuma apt da ya ga ranar da ke jikin fayil ɗin tana gaba da ranar injinka sai ya ƙi yarda da shi, kariya ce. Ka gyara da sudo date -s sai ka sa shekara da wata da rana da lokaci a cikin alamar zance, shekara lamba huɗu a farko da ɗan kara tsakaninsu, ka sake apt update zai wuce. Daga baya ka sa a canza maka batirin, ba shi da tsada.

Hajiya 'Yar Kongo ta yi gaskiya kan ragewa ta Windows, na yarda da ita. Amma duk da haka ka sa dosfstools da ntfs-3g kafin ka buɗe manhajar ɗorawa, wasunsu suna duba fatishan ɗin EFI kuma in kayan babu sai su tsaya a tsakiyar aiki. In ka gama ɗorawa ka shiga sabon sistem ɗin ka sake sa su a can ma, domin abin da ka sa a filash ba lallai ya bi ka ba. Dalili, lokacin tashi fsck, mai duba lafiyar tsarin fayil, yana duba /boot/efi kuma fsck.fat yake nema, a dosfstools yake, ga shi garinmu ana yawan ɗauke wuta inji ya mutu ba shiri, ranar da fatishan ya yi datti kana son mai sharewa ya kasance a gida. Masu Arch Linux sun san wannan sosai, tun Oktoba 2019 da aka rage kunshin base ya zama kai ne za ka ƙara kanel da edita da kayan tsarin fayil da hannunka, filash ɗin ɗorawa yana da su duka amma sabon sistem sai abin da ka lissafa masa, mutum ya yi btrfs ya manta btrfs-progs sai ranar buƙata ya gane.

Ɗan Samaru

Alhamdulillahi ya yi!! Agogon ne kuwa, shekarun baya can ya nuna min, ina gyarawa apt ya wuce, kayan suka sauka cikin abin da bai kai minti biyu ba. Na sake buɗe GParted alamar da ke kan C ta ɓace, fat32 da ntfs sun dawo suna dannuwa. Na yi ext4 a 120GB ɗin, na EFI na jingina shi a /boot/efi ban yi fomatin ba, na duba akwatin nan ya fi sau uku kafin na danna ci gaba. A shagon wani abokina mai sola a Kwangila na yi don kada wuta ta yanke min. Yanzu in na kunna GRUB yana kawo min biyun in zaɓa, na shiga Windows furojet yana nan yadda na bar shi.

Oga na PZ na gwada smartctl ya ce PASSED, lambobi biyun da ka ce duk sifili ne. Mint ɗin ma zan karɓa in ajiye a filash, wani ɗan ajinmu ya ce yana da shi.

Abu ɗaya ya rage, in na fito daga Linux na shiga Windows sai in ga agogo ya koma baya da awa ɗaya cif, jiya saura kaɗan in makara La'asar saboda shi na duba. Shi ma batirin ne?

'Yar Kongo

Barka Malam, na taya ka murna. Wannan ba batiri ba ne, Linux yana ajiye agogon inji a kan UTC shi kuma Windows yana ɗauka lokacin gida ne, mu kuma awa ɗaya muke gaba da UTC. A Linux ka rubuta sudo timedatectl set-local-rtc 1, zai ɗan yi gargaɗi amma mu da ba ma canza agogo rani da damina ba zai dame ka ba, sai ka shiga Windows ka gyara lokacin sau ɗaya. Wi-Fi ɗin fa, ya tashi bayan ɗorawar ko har yanzu da waya kake? In bai tashi ba turo mana abin da lspci ya nuna a layin Network controller mu ga wane kati ne.